Ƙaunar masu Royal Enfield ga mashin ɗinsu: yawan diloli zai kashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Indiya, kuma abin da yake ba ni mamaki a nan shi ne yadda masu babur ɗin Royal Enfield suke ji da shi kamar ɗan cikinsu, alhali ga mashinan da suka fi shi gudu, ba su kuma kai shi shan mai ba. Sai kuma na ji tsofaffin masu shi suna ƙorafin wai tun da kamfanin ya buɗe shaguna a kowane lungu abin ya lalace. Daga ina wannan ƙauna ta taso, kuma yawan diloli zai iya kashe ta? Ni ma ina tunanin sayen guda.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don na daɗe cikin harkar babura da kayan gyaransu, kuma duk mai wannan sana'a dole idonsa ya riƙa komawa Indiya. Abin da na gamsu da shi shi ne, wannan ƙauna ba a shagon sayarwa aka haife ta ba, a gareji aka haife ta, gaban bakanike. Saboda haka yawan shaguna shi kaɗai ba zai kashe ta ba. Abin da zai kashe ta shi ne shagon da ya iya sayarwa amma bai iya gyara ba.

Asalin kamfanin na Ingila ne, daga garin Redditch, kuma a 1901 ya fito da babur ɗinsa na farko. Samfurin Bullet ya bayyana a 1932. A shekarun 1950 sojojin Indiya suka buƙaci mashin mai juriya don sintirin kan iyaka, suka zaɓi Bullet mai cc 350 (ma'aunin girman inji ke nan), shi ne a 1955 aka kafa Enfield India a Madras, wato Chennai ta yau, ana haɗa shi a can. Zuwa 1962 duk sassansa a Indiya ake ƙera su. Uwar kamfanin ta Ingila ta durƙushe wajen 1970, mashinan Japan sun cinye mata kasuwa, amma reshen Madras ya ci gaba da ƙera mashin ɗin nan na 1955 kusan yadda yake, har tsawon kusan shekara hamsin. Gwamnatin Indiya ta wancan lokaci ta toshe ƙofar shigo da kaya daga waje, abokan gogayya kaɗan ne, irin su Jawa da Yezdi da Rajdoot, don haka babu abin da ya matsa wa kamfanin ya canza. Uba ya hau, ɗa ya gada, jika ya taso ya tarar, kuma mashin ɗin ɗaya ne, kayan na kaka suna shiga na jika.

In kana son ka gane zuciyar tsofaffin nan da kake jin ƙorafinsu, nemi wanda yake da tsohuwar Bullet mai injin baƙin ƙarfe ka tsaya ka kalli yadda yake tayar da ita da safe. Ba hawa zai yi ya danna maɓalli ba. Zai murɗa makulli, ya ja wani ɗan liba a hannu wanda yake sakin iskar injin, sannan ya riƙa taka kik a hankali idonsa na kan wani ƙaramin agogon wuta da ke kusa da mita. Allurar za ta karkata gefe, ya ƙara takawa kaɗan ta dawo tsakiya, a nan ya san fistin ya wuce inda ake so. Sai ya saki liban, ya sauke nauyinsa duka a kan kik ɗin sau ɗaya. In ya daidaita, injin ya kama da ƙarar nan mai nauyi, dug, dug, dug, har kana iya ƙirga bugun. In ya yi gaggawa, kik ya dawo ya daki ƙafarsa, wasu har targaɗe suke samu. Giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, saɓanin kusan kowane mashin da ka sani, ga kuma wani ɗan ƙarfe na daban da ake takawa da dunduniya don komawa firi. Wannan ƙarar da suke mutuwar so kuwa ba daga bututun hayaƙi kaɗai take fitowa ba: fistin ɗin yana tafiyar milimita 90 a rami mai faɗin milimita 70, ga ƙarfe mai nauyi da ke juya karanshaf, shi ya sa injin yake bugawa a natse. Ƙarfinsa bai wuce na doki 18 ba.

Mashin irin wannan ba a mallakarsa da kuɗi kawai, sai an koye shi. Yana ɗigar da baƙin mai, notinansa suna kwancewa saboda jijjiga, wutarsa tana so a riƙa daidaita ta. Duk wanda ya zauna da shi shekara biyar ya zama rabin bakanike, kuma yana da cikakken bakanike guda wanda ba ya kai wa kowa sai shi. A unguwar Karol Bagh ta Delhi, da kusan kowane gari a Punjab da Kerala, akwai dattawan da ba su taɓa wani aiki a rayuwarsu ba sai Bullet. Mutum zai zauna a benci tun hantsi har la'asar, ana shan shayi, ana kwance injin a gabansa, yana ganin abin da ya ci da abin da aka sa. A wannan benci ne masu mashin suka san juna, daga nan ƙungiyoyi suka taso, aka fara tafiye-tafiye a ayari, musamman hanyar Manali zuwa Leh a yankin Ladakh, da hawan Khardung La mai tsayin sama da mita 5,300. Mutumin da mashin ya mace masa a kan dutse cikin sanyi, wani da bai taɓa gani ba ya tsaya ya ciro kebul ɗin kulochi daga jakarsa ya ba shi, ba zai manta da wannan mutum ba, ba kuma zai manta da sunan da ke jikin tankinsu su biyun ba. Babban taron masu Royal Enfield da ake kira Rider Mania ma ƙungiyoyin mahaya ne suka fara shi da kansu a 2003, kafin kamfanin ya riƙa shirya nasa a Goa. Wannan batu yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa mahayan ne suka gina abin, kamfanin ya zo ya tarar.

Sai dai ƙauna ba ta biyan albashin ma'aikata. Daga 1985 da Hero Honda ya fito da CD100, ƙananan mashinan da ba sa shan mai kuma ba sa ɓaci suka mamaye Indiya. Kamfanin Eicher na Indiya ya sayi Enfield a 1994, amma zuwa shekarar 2000 abin da ake sayarwa bai fi 2,000 a wata ba, ana tafka asara, har masu kamfanin suna shawarar a sayar ko a rufe. Siddhartha Lal, ɗan gidan masu Eicher, yana ɗan shekara 26, ya nemi a ba shi dama. Shi da kansa mahayi ne, kuma ya gane abin da masoyan ba sa son ji: wahalhalun da suke alfahari da su su ne suke korar sabon mai saye. Aka mayar da giya hagu, aka kawo maɓallin tayarwa, sannan aka ƙera sabon injin na alminiyon wanda ya haɗe inji da giya a gida ɗaya. Tsofaffi suka yi ca, suka ce an kashe Bullet, ƙarar ta canza. Ni a ganina ya yi daidai, kuma da bai yi ba da yau babu kamfanin da za a yi wa ƙorafin ma. Hikimarsa ita ce ya canza cikin ya bar siffar, ya bar nauyin, ya bar layin ruwan zinare da ake ja da hannu a jikin tanki a Chennai.

Da samfurin Classic ya fito a ƙarshen 2009, abin ya wuce tunanin kowa. A lokacin mutane suna biyan kafin alƙalami su jira wata shida, wasu fiye. A 2012 an haura 100,000 a shekara, aka buɗe sabuwar masana'anta a Oragadam a 2013, wata a Vallam Vadagal a 2017, duka kusa da Chennai, a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018 aka haura 800,000, a ta 2024 zuwa 2025 kuma aka haura miliyan 1. Wuraren sayarwa da sabis a Indiya yanzu sun fi 2,000. To a nan ne tambayarka take, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Mutane suna ɗauka buɗe shagon dila gini ne da allo da fitilu. Wannan shi ne mai sauƙin. Dila ɗan kasuwa ne da ya zuba kuɗinsa, kuma ribar da yake samu a kan sabon mashin ba ta da yawa. Inda kuɗi yake shi ne sabis, da kayan gyara, da kayan ƙawa irin su hular kwano da jaket da kariyar ƙafa. Amma gefen gyara shi ne mai wuyar tsayarwa. Shago ana gama shi cikin wata uku, bakaniken da zai ji ƙarar inji ya ce maka tafet ne ko cen ɗin ciki ne kuwa shekaru ake yi kafin a same shi. In kamfani ya ninka shagunansa cikin ɗan lokaci, daga ina zai samo waɗannan hannuwa? Sai a ɗebo yara a ba su horon ƴan makonni, a ɗora musu adadin mashinan da za su sallama a rana. Mai mashin ya zo da ƙorafin wata ƙara, a karɓa a rubuta a kati, a ce ya zauna a ɗakin jira mai sanyi, ba ya ganin wanda yake taɓa masa mashin. Da yamma a fito da shi an wanke yana ƙyalli, an juye baƙin mai, ƙarar tana nan. Wannan shi ne ainihin abin da tsofaffin nan suke nufi in sun ce abin ya lalace. Sun saba da benci, an ba su ɗakin jira.

Sannan ga maganar kaya. Kowane sabon shago yana buƙatar sito, kuma kayan da ke kwance a sito kuɗi ne da aka binne. Dila mai ƙaramin jari zai ajiye abin da ke tafiya kullum, filogi, fata birki, filta, kebul. Abin da ba a nema sai jefi-jefi kuwa sai an yi oda. In hanyar da kaya suke bi daga masana'anta zuwa shago ba ta girma tare da yawan shagunan ba, mashin zai kwana uku ko mako uku saboda wani ɗan abu da bai kai kuɗin abincin rana ba. Babu abin da ke cire wa mutum son mashin kamar ya riƙa wucewa yana hango shi a jingine, ƙura na hawa, yana biyan kuɗin tasi.

Royal Enfield ya sha wannan dukan. Samfurin Himalayan na farko da ya fito a 2016 ya jawo ƙorafi mai yawa game da inganci, a daidai lokacin da shaguna suke ƙaruwa da sauri, kuma sai da kamfanin ya koma ya gyara abubuwa da dama a fitowar da ta biyo baya. Abin da na yaba musu shi ne sun ɗauki darasin da gaske. Dama tun a 2015 sun sayi kamfanin Harris Performance na Ingila masu ƙera firam, sai suka kafa cibiyar gwaji a Bruntingthorpe ta Ingila, kuma mashinan cc 650 masu fistin biyu da suka fito a 2018, Interceptor da Continental GT, sun zo da garantin shekara 3. Kamfani ba ya ba da garantin shekara 3 sai ya yarda da kayansa, don kowane gyara daga aljihunsa zai fita. A 2019 kuma suka fito da ƙananan shaguna da suke kira Studio, don ƙananan garuruwa da karkara, kuma kowannensu yana da wurin sabis, ba sayarwa kaɗai ba. Manomin da a da sai ya yi tafiyar kilomita da yawa don sabis ɗin garanti, yanzu a garinsu ake yi masa. Ga wannan mutum yawan diloli alheri ne tsantsa, kuma irinsa sun fi masu ƙorafin yawa nesa ba kusa ba.

Dubi waɗanda abin bai yi wa kyau ba, za ka ga duk wuri ɗaya ciwon yake. Buell ƙaramin kamfanin babura ne a Amurka mai masoya na gaske, babban kamfanin baburan Amurka Harley-Davidson ya mallake shi, ana sayar da mashinansa a shagunan Harley. Shaguna kam ga su nan birjik, amma masu Buell sun daɗe suna kukan cewa da yawa daga cikin dilolin zuciyarsu ba ta kan mashin ɗin, a lungu ake ajiye shi, kanikawan ba su san shi sosai ba. A Oktoban 2009 Harley ya rufe shi. Kamfanin babura na Norton na Ingila ya karɓi kuɗin mutane da sunan nan nasa mai daraja, wasu ba su ga mashin ba har kamfanin ya rushe a Janairun 2020, TVS na Indiya ya saye shi a Afrilun shekarar kan fam miliyan 16. Jawa da aka farfaɗo da shi a Indiya a 2018 ya samu tarba mai kyau ƙwarai, amma doguwar jiran mashin ta sanyaya gwiwar da yawa. Harley kansa ya daina ƙera mashin a Indiya a 2020, ya miƙa harkar sayarwa da sabis ga kamfanin Hero na Indiya. Triumph na Ingila ma da ya so shiga kasuwar Indiya da gaske, bai ce zai gina komai shi kaɗai ba, ya haɗa kai da Bajaj, wanda ya karɓi shagunansa na Indiya a 2023 ya kuma ƙera masa Speed 400. Dukkansu sun gane cewa suna yana kawo mai saye na farko, amma ba ya riƙe shi.

Mu nan gida ba baƙi ba ne a wannan magana. Abin da ya zaunar da Bajaj Boxer a Arewa har ya ture mashinan China da suka riga shi ba talla ba ne. Ɗan acaɓa ya ga ba ya shan mai, yana ɗaukar kaya, kuma in ya ɓaci a ƙauyen da ba wuta, akwai yaron da zai kwance shi a gindin bishiya, akwai kuma mai teburin da ke da ringi da fistin ɗinsa. Bambancin kawai shi ne mai Boxer yana riƙe da shi don abinci, mai Bullet don sha'awa, amma abin da ke riƙe su ɗaya ne.

Duk da haka ba zan ce tsofaffin ba su da gaskiya ba, don akwai abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba. A da in masu Bullet biyu suka haɗu a hanya sai an ɗaga hannu, wani lokaci a tsaya a gaisa. Yau a danja ɗaya za ka ƙirga goma, wa zai ɗaga wa wa? Injin baya-bayan nan da ya fara da samfurin Meteor a 2020, ya shiga Classic a 2021, da Hunter a 2022, da Bullet ɗin kanta a 2023, yana da sandar da ke kashe jijjiga, yana tafiya sumul, ba ya ɗiga, kuma da na'ura mai kwakwalwa ake duba lafiyarsa. Ya fi tsohon ta kowace fuska da injiniya zai auna. Amma mai shi ba ya buƙatar ya koyi komai, don haka ba ya zama a benci, ba ya sanin kowa. Ƙaunarsa ta gaskiya ce, sai dai saiwarta ba ta yi zurfin ta wancan ba, in Honda ko Triumph suka kawo abin da ya fi, zai iya komawa ba tare da ya ji ya ci amana ba. Abin da ya fi damuna shi ne makomar tsofaffin mashinan. Mai Bullet ta 1985 in ya shiga sabon shago, sau da yawa yaran da ke ciki ba su taɓa daidaita irin wutarta ba, sai ya koma wajen dattijon bakanikensa, shi kuma dattijon yana tsufa, ƴaƴansa sun kama wata sana'a. A Ingila akwai irin su Hitchcocks da suka riƙe sayar da kayan tsofaffin Enfield, kuma a ganina kamfanin da ke tallar kansa da shekarar 1901 shi ya fi cancanta ya ɗauki wannan nauyi, ya tabbatar kowane babban gari yana da aƙalla shago ɗaya da ke karɓar tsohuwa da mutunci. Da tsohuwar zuma ake magani, mutanen nan su ne suke sa yaro ɗan shekara ashirin ya ji yana son ya shiga sahu.

A ƙasashen waje lamarin ya fi laushi. Sun buɗe reshe a Milwaukee ta Amurka a 2015, garin Harley kansa, sun kuma kafa wuraren haɗa mashin a Ajantina, Kolombiya, Tailan, Barazil da Nepal. Amma a wurare da yawa dilan ba nasu ne su kaɗai ba, yana sayar da mashinan kamfani uku ko huɗu, wasu sun fi kawo masa riba. Haɗarin da ya ci Buell ke nan. Mahayi a can yana iya son mashin ɗin har ransa, amma in shagon da ya fi kusa da shi tafiyar awa uku ne, kuma kaya sai sun tsallako teku, ƙaunar tana da iyaka. Gwaji na gaba kuma shi ne mashin mai lantarki da suka nuna a 2024 da sunan Flying Flea, wanda ba shi da ƙarar, bakaniken bakin titi kuma ba shi da abin da zai yi masa, komai zai koma hannun dila.

Batun sayenka kuwa, in a Indiya za ka hau shi, ba ni da fargaba, musamman sababbin masu cc 350. Amma kada ka zaɓi shago saboda kyan gabansa. Zagaya baya ka leƙa gareji. Duba ko akwai bakanike mai furfura ko duka yara ne, ƙirga mashinan da ƙura ta rufe suna jiran kaya, ka tsayar da mutum biyu ko uku da suka zo karɓar nasu ka tambaye su ko an magance abin da ya kawo su. Tambayi ko za su bari ka tsaya ka ga ana yi wa naka aiki, shagon da ya amince da wannan ya san abin da yake yi. In na hannu za ka saya, ka tabbatar da wane injin ne a ciki, don kayan tsohon baƙin ƙarfe, da na alminiyon, da na sabon, ba sa shiga juna, kuma masu cc 500 an daina sayar da su a Indiya tun 2020. Ka kuma binciki ƙa'idar rajista da lasisi ga ɗalibi baƙo kafin ka ba da kuɗi.

In kuma niyyarka ka taho da shi gida bayan karatu, to ka fara neman wanda zai riƙa duba maka shi a garinku tun kafin ka saya, ka kuma haɗo kaya a jirgi ɗaya da mashin ɗin: filtar mai da ta iska, fata birki, kebul na kulochi da na totur, cen da sifoket, faifan kulochi, da littafin gyara na samfurin. Sababbin ba kafireta gare su ba, famfo ne da injekta, kuma ba sa jure gurɓataccen fetur, don haka famfon mai guda na ajiya ya shiga lissafinka, ka kuma guji man bumburutu iya iyawarka.